Hoton Huhun Tsofaffi a Amurka: Wa Ake Biya Wa, Wa Aka Bari a Waje?



Ran 30 ga watan Yuli na shekarar 1965, Shugaban Amurka na wancan zamani, Lyndon Johnson, ya tafi wani gari da ake kira Independence a Jihar Missouri, ya sa hannu a kan wata doka a gaban tsohon Shugaba Harry Truman, wanda ya yi ta fafutukar samun irinta a zamaninsa bai dace ba. Dokar nan ita ta kafa asusun da ake kira Medicare, watau inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya domin mutanen da suka kai shekara 65. Truman aka miƙa wa katin farko. Daga baya, a 1972, aka buɗe ƙofar asusun ga wasu naƙasassu da ba su kai waɗannan shekaru ba. Yau mutanen da ke cikinsa sun haura miliyan 65.

A wannan shekara ta 1965, cikin kowane baligi 100 na Amurka, wajen 42 suna shan taba sigari. Shekara guda kafin nan, a watan Janairu na 1964, babban likitan gwamnati, Luther Terry, ya fito da rahoton nan da ya tabbatar wa jama'a cewa sigari na haddasa ciwon daji na huhu. Amma ɗabi'a ba ta mutuwa da fitowar rahoto. Samarin da suka fara kunna sigari a waɗannan shekaru, da ƙannensu da suka biyo baya, su ne tsofaffin yau, su ne kuma masu riƙe da katin Medicare. To, abin da za mu duba yau shi ne yadda wannan asusu ya yarda ya riƙa biyan kuɗin duba huhunsu tun ciwo bai bayyana ba, da kuma iyakokin da ya shata, waɗanda suka shigar da wasu suka bar wasu a waje.

Huhu sashen jiki ne mai yawan kawaici. A can cikinsa babu jijiyoyin jin zafi, saboda haka ƙari yana iya tsirowa ya daɗe yana girma, mai shi yana ta harkokinsa bai sani ba. Kafin tari ya ƙi jin magani, ko jini ya fito cikin majina, ko mutum ya fara ramewa ba dalili, sau da yawa aikin gama ya gama. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka gano ciwon tun yana wuri guda, fiye da mutum 6 cikin 10 sukan kai shekara 5 da rai. In kuwa ya riga ya bazu zuwa ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, da ƙyar ake samun 1 cikin 10. Abin baƙin cikin shi ne kusan rabin masu ciwon a wannan hali na biyu suke isa gaban likita. Shi ya sa a duk nau'o'in ciwon daji babu wanda ya kai shi kisa: a shekarar 2022 ya kashe mutum wajen miliyan 1.8 a duniya.

Mai sauraro zai ce, to ai magana ta ƙare, a ɗauki hoton ƙirjin kowa mana. Likitoci ma haka suka yi zato da farko. A shekarun 1970 asibitin Mayo na Jihar Minnesota ya tara maza masu shan taba wajen 9,000, aka riƙa ɗaukar rabinsu hoton ƙirji irin wanda muka saba da shi, ana kuma auna majinarsu, duk bayan wata 4. An gano ciwon da yawa, an yi tiyata da yawa. Amma da aka zo ƙidayar mamata, sai aka tarar babu ragi. Wannan ya koya wa masana darasi mai ɗaci: gano ciwo da wuri daban, ceton rai daban. Hoton ƙirji na gargajiya ba ya ganin ƙari sai ya riga ya yi girma, kuma wani ƙarin da yake gani mai tafiyar hawainiya ne, wanda da an ƙyale shi ba shi ne ajalin mai shi ba.

Abin da ya sake lissafi shi ne na'urar da likitoci ke kira CT. Ita ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Mutum yana kwance a kan wani ɗan gado, na'urar tana kewaya shi, tana ɗaukar ƙirjinsa falle-falle kamar yadda mahauci ke yanyanka nama sirara, kwamfuta kuma ta harhaɗa. Ɗigon da bai wuce ƙwayar dawa ba tana ganinsa. Domin wannan dubawa an rage ƙarfin hasken da ke ratsa jiki, har ya zama bai wuce abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin wata 6 ba. Babu allura, babu yanka. Mutum ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan.

Daga 2002 zuwa 2004 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka ta ɗauki mutum fiye da 53,000 a cibiyoyi 33, dukansu tsakanin shekara 55 da 74, dukansu kuwa manyan mashaya taba ne, ko waɗanda suka daina ba su wuce shekara 15 da dainawa ba. Aka raba su biyu da ƙuri'a: rabi CT, rabi hoton ƙirji, sau ɗaya a shekara har sau 3. Da aka buga sakamako a 2011, mace-macen ciwon huhu sun ragu da kashi 20 cikin 100 a ɓangaren CT.

Kashi 20 cikin 100 yana da daɗin ji, amma bari mu warware shi. Cikin kowane mutum 1,000 da aka yi wa hoton ƙirji, wajen 21 sun mutu da ciwon cikin shekara 6 da rabi. Cikin 1,000 da aka yi wa CT, wajen 18. Watau rai 3 aka tsirar cikin 1,000. Sai an duba mutum 320 kafin a ceci guda. A ɗaya gefen kuma, kusan hoto 1 cikin kowane 4 ya nuna wani abu da ya tayar da hankali, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗannan ba ciwon daji ba ne: tsohon tabo ne, ko wani ɗan ƙululu mara lahani. Yawancin mutanen nan sake hoto kawai aka yi musu. Amma wasu an soka musu allura ta tsakanin haƙarƙari don a ɗebo tsoka a auna, wasu har huhunsu ya motse saboda haka, wasu kuma an yi musu tiyata a kan abin da ba komai ba. Garin neman ƙiba, in ji Bahaushe, akan samo rama. Daga baya wani babban gwaji da aka yi a Holan da Beljiyam, wanda aka buga a 2020, ya goyi bayan na Amurka: a cikin maza, mace-macen sun ragu da kashi 24 cikin 100 bayan shekara 10.

Yanzu sai batun kuɗi, wanda shi ne ainihin zancenmu.

A Amurka akwai wani kwamitin likitoci masu zaman kansu da ke ba gwamnati shawara a kan rigakafi. A watan Disamba na 2013 ya ce a riƙa yi wa manyan mashaya taba wannan hoto duk shekara, daga shekara 55 zuwa 80. Bisa dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Shugaba Obama, da zarar kwamitin nan ya amince da wani gwaji, wajibi ne yawancin kamfanonin inshora masu zaman kansu su biya, ba tare da sun karɓi ko sisi daga majiyyaci ba. Amma wannan wajibci bai hau kan Medicare ba. Shi sai ya yi nasa hukuncin. Sai aka wayi gari cikin wani hali mai ban mamaki: ma'aikaci ɗan shekara 60 za a biya masa, yayansa ɗan shekara 70 kuwa babu tabbas, alhali rabin waɗanda ake samu da ciwon huhu a Amurka sun kai shekara 70 ko sun haura.

A watan Afrilu na 2014 masu ba Medicare shawara suka zauna, suka ce su ba su gamsu ba. Ba kuwa rashin tausayi ya sa su faɗi haka ba. Hujjarsu ita ce, cikin mutanen da aka yi gwajin nan da su, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka kai shekara 65, kuma ko su ɗin ma sun fi sa'o'insu ƙoshin lafiya. An kuma yi aikin ne a manyan asibitoci masu ƙwararrun likitocin hoto da na tiyata. Tsoho mai ciwon zuciya da toshewar numfashi, a ƙaramin asibitin ƙauye, shin zai sami irin wannan amfani, ko kuwa wahalar ce kawai za ta zama rabonsa? Ƙungiyoyin likitocin ƙirji da na masu jinya suka yi caa, 'yan majalisa da dama suka rubuta takardun koke. Ana cikin haka aka sake tace alƙaluman gwajin, aka ga cewa lalle tsofaffi sun fi samun hoton da ke tayar da hankali a banza, amma kuma su ne suka fi tsira, domin ciwon ya fi yawa a cikinsu.

A watan Fabrairu na 2015 Medicare ya yarda zai biya, bisa sharuɗɗa. Mutum ya kasance tsakanin shekara 55 da 77. Ya kasance ba shi da wata alamar ciwon. Ya kasance yana shan taba, ko kuma bai wuce shekara 15 da dainawa ba. Sa'an nan yawan tabar da ya sha ya kai wani ma'auni da za mu iya kira shekarar kwali: kwali ɗaya mai kara 20 kullum har shekara guda, shi ne shekarar kwali ɗaya. Mai shan kwali 2 a rana tsawon shekara 15, da mai shan kwali ɗaya tsawon shekara 30, duk lissafinsu 30 ne, kuma 30 ɗin aka nema. Har ila yau aka gindaya wani sharaɗi da ba a saba gani ba: kafin hoton farko, dole mutum ya zauna da ma'aikacin lafiya a bayyana masa amfani da haɗari, a kuma yi masa nasiha a kan barin taba. Ni a ganina wannan zama yana daga cikin mafi kyawun abin da ke cikin dokar, ko da yake likitoci da yawa sun yi ta ƙorafin cewa yana cin lokaci.

Ba a daɗe ba aka ga ma'aunin 30 ɗin nan yana da nakasu. Baƙaƙen fatan Amurka, a jimlace, ba su kai Turawa yawan shan kara a rana ba, amma ciwon yakan kama su suna da ƙarancin shekaru. Wani bincike da aka yi a jihohin kudu, aka buga a 2019, ya nuna cewa cikin mashaya taba da suka kamu da ciwon, fiye da rabin Turawa sun cika sharuɗɗan hoton, baƙaƙe kuwa kashi ɗaya cikin uku kacal. Mata ma kusan haka abin yake gare su. Saboda haka a watan Maris na 2021 kwamitin likitocin nan ya sauko da ma'aunin zuwa 20, shekarun farawa kuma zuwa 50. Medicare ya bi sahu a watan Fabrairu na 2022. Amma iyakoki biyu bai taɓa su ba: shekara 77, da shekara 15 bayan dainawa.

Ta farkon tana da ɗan dalili. Wanda ya shiga gwajin yana ɗan shekara 74, kafin a gama yi masa hoto uku ya doshi 77. Bayan nan babu wanda aka gwada. Kwamitin likitoci ya kai nasa 80 ne ta hanyar lissafin kwamfuta, shi kuwa Medicare ya tsaya inda shaidar ido ta tsaya. Kuma gaskiya ne amfanin hoton yana rataye ne da ko mutum zai iya jure magani in an sami ciwon. Idan jiki ba zai ɗauki tiyata ko gashi ba, gara a bar kaza cikin gashinta. Sai dai shekaru ba su ne ƙarfi ba. Akwai ɗan 78 da ke hawa bene da ƙafarsa, akwai ɗan 68 da ba ya iya kaiwa bakin ƙofa sai da tulun iska, doka kuwa na biyun ta sani.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma bari in kawo misali. Mu ɗauka wani mutum ne daga zangon Kumasi da ya je birnin New York yana saurayi, ya yi rayuwarsa yana tuƙin tasi, yana biyan haraji. Ya fara shan taba yana ɗan shekara 20, kwali guda a rana. Da ya kai 49 ya je aikin Hajji, ya dawo ya yar da ita, bai ƙara waiwayarta ba. Ran da ya cika 65 aka ba shi katin Medicare. Lissafinsa 29, ya wuce ma'auni nesa ba kusa ba. Amma shekararsa 16 da dainawa, saboda haka asusun ba zai biya masa ba. Abokinsa da suka fara tare, wanda har yau kwali na aljihunsa, shi za a yi wa kyauta duk shekara. Ga wanda ya daina kafin ya cika 50, ƙofar nan a rufe take tun ranar da aka miƙa masa mabuɗi.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe dainawa asara ce. Ko kusa. Babu hoton da ya kai barin taba rage haɗari, kuma Medicare kansa yana biyan zaman nasiha har sau 8 a shekara ga mai son bari. Abin da ake cewa shi ne haɗarin yana raguwa, amma ba ya komawa kamar na wanda bai taɓa sha ba, tsufa kuma yana ƙara masa nauyi ta wani gefen. Wani nazari da aka yi a kan mutanen garin Framingham, aka buga a 2018, ya nuna cewa cikin tsofaffin mashaya da suka kamu da ciwon huhu, wajen 4 cikin 10 sun wuce shekara 15 da dainawa. Lambar 15 ɗin nan ba daga jikin ɗan Adam aka samo ta ba. Sharaɗi ne da masu gwaji suka sa don su tara mutanen da suka fi shiga haɗari, sai ya zama doka. A watan Nuwamba na 2023 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta cire wannan sharaɗi daga nata jagoran. Amma shawarar ƙungiya ba ta ɗaure asusun gwamnati.

Ko wanda ya shiga ciki ma, kalmar "kyauta" tana da iyaka. Hoton shekara-shekara ne kyauta. In aka ga wani ɗigo, aka ce a dawo bayan wata 3 a sake dubawa, ko a ɗebi tsoka, wannan ya tashi daga rigakafi ya koma binciken cuta, kuma a tsarin Medicare na asali majiyyaci ne zai biya kashi 20 cikin 100, sai fa in yana da wata inshorar ƙari ko kuwa tallafin marasa galihu. Tsoho mai zaman fansho da ya san haka, yana iya cewa gara kada ya tono abin da ba zai iya rufewa ba.

Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa mutane ba su zo ba. A 2022, shekara 7 bayan an fara biya, waɗanda suka je hoton ba su kai 1 cikin 5 na waɗanda suka cancanta ba, alhali matan da ke zuwa hoton mama sun haura 7 cikin 10. Akwai nisan asibiti ga mazauna karkara. Akwai takardun likita da ba su rubuta yawan tabar da mutum ya sha ba. Akwai kuma kunya, domin wannan ciwo ne da jama'a ke cewa mai shi ne ya jawo wa kansa, shi ma kuma yakan ce wa kansa haka.

A Ingila, inda ba a biyan kuɗin asibiti a bakin ƙofa, sun gane cewa kyauta kaɗai ba ta kawo mutum. A 2016 likitocin birnin Manchesta suka ɗora na'urar a kan manyan motoci, suka kai ta bakin kantuna a unguwannin talakawa, inda aka fi shan taba. Ba su ma ambaci ciwon daji a takardar gayyata ba, suka ce duba lafiyar huhu ne. Cikin ciwon da suka gano, wajen 8 cikin 10 bai yi nisa ba. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta ba da sanarwar yaɗa shirin a Ingila baki ɗaya, sannu a hankali, domin 'yan shekara 55 zuwa 74. Can ba a jira mutum ya nemi likita. Daga rajistar likitan unguwa ake zaƙulo sunan duk wanda ya taɓa shan taba, a aika masa takarda, a yi masa tambayoyi a kan shekarunsa, da yawan abin da ya sha, da tarihin danginsa, da irin aikin da ya yi, sa'an nan a auna haɗarinsa shi kaɗai. Daɗewa da dainawa ana sa ta cikin lissafi, amma ba ita kaɗai ke rufe ƙofa ba. Da direban nan namu a Manchesta ya yi zamansa, da aƙalla an aiko masa da takarda.

Saura magana biyu ga 'yan'uwanmu mazauna waɗannan ƙasashe. Wanda ya tashi a inda tarin fuka ya yi yawa, kamar Afirka ta Yamma, yana iya ɗauke da tsohon tabo a huhunsa bai sani ba, na'urar kuwa za ta gan shi. Ya kamata ya gaya wa likita inda ya girma, da ko ya taɓa shan maganin tarin fuka, in kuma yana da wani tsohon hoto, ko da na neman izinin shiga ƙasa ne, ya tafi da shi, domin tabon da ya yi shekaru bai sake girma ba hankali yakan kwanta da shi.

Ta biyu kuwa, duk abin da muka faɗa yau ya shafi wanda ba ya jin komai ne. Mai tarin da ya wuce mako 3, ko mai ganin jini a majina, ko wanda muryarsa ta dishe ta ƙi dawowa, ba ruwansa da 77, ko 20, ko 15, ba ruwansa kuma da ko ya taɓa shan taba, domin cikin kowane mutum 10 masu ciwon huhu a Amurka, 1 ko 2 ba mashaya ba ne. Shi likita zai gani cikin makon nan. In kuma aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata 2 bai ga sauƙi ba, ya koma ya nemi a sake duba shi.